BABI NA HUƊU: TARKEN RAHOTANNIN BINCIKEN ƘWAƘWAF A GWANDU DA KALGO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an waiwayi tarihin aikin jarida a ƙasar Hausa, tun daga fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939 har zuwa yaɗuwar gidajen rediyo masu zaman kansu da kafafen intanet. A wannan babi kuwa za a ɗora wasu rahotanni da suka shafi Ƙananan Hukumomin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi a bisa sikeli, domin a ga ko sun cika sharuɗɗan rahoton binciken ƙwaƙwaf. An zaɓi batutuwa uku, wato annobar sanƙarau ta shekarar 2025, da taƙaddamar sarautar Gwandu, da kuma alkaluman noman shinkafa a fadamun Kalgo da kewaye. Ra'ayin da babin ya ginu a kai shi ne, labaran wannan yanki sukan tsaya daidai inda sanarwar hukuma ta tsaya, alhali kuwa daga nan ne aikin mai bincike yake farawa. Wannan mataki shi ne aka kira "tambaya ta biyu" a cikin wannan nazari.

4.1 Ma'anar Rahoton Binciken Ƙwaƙwaf

Rahoton yau da kullum shi ne wanda ɗan jarida yake kawo abin da ya faru ko abin da wani ya faɗa, tare da ambaton wanda ya faɗa da wuri da lokaci. Shi kuwa rahoton binciken ƙwaƙwaf, ɗan jarida ne da kansa yake tono wani al'amari da ya shafi jama'a, wanda aka ɓoye da gangan ko kuma ya ɓace a cikin tarin bayanai, ya kafa hujja a kansa, sa'an nan ya ba wanda abin ya shafa damar kare kansa kafin a buga. Ke nan, akwai sharuɗɗa huɗu: batun ya shafi maslahar jama'a, aikin ya kasance na ɗan jaridar ne, kowace magana ta sami shaida fiye da ɗaya, ko ta baki ko ta takarda, a kuma ji ta bakin wanda ake tuhuma.

Waɗannan sharuɗɗa ba baƙi ba ne ga mutanen Gwandu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma malaman Hadisi sun gina ilmi sukutum a kan bin salsalar maruwaita. Haka nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake a garin Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin bayyana haƙƙoƙin da ke kan masu mulki, ya kuma soki karkatar wasu abokan jihadi zuwa ga son duniya a cikin Tazyinul Waraƙati. Saboda haka, tantance labari da tunatar da shugabanni abubuwa ne da suke da saiwa a wannan ƙasa tun kafin zuwan jarida.

4.2 Ma'aunin Tarke: Labarin Trovan a Kano

Kafin a yi tarke dole ne a sami ma'auni. An zaɓi binciken da aka yi kan gwajin maganin Trovan a Kano, domin shi ma a kan sanƙarau ne, kuma a ƙasar Hausa abin ya faru.

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta hallaka dubban mutane a Arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. An ba kusan rabinsu Trovan, aka ba sauran wani maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu. Maganar ta kwanta har zuwa watan Disamba 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta buga binciken wakilinta Joe Stephens. Wakilin ya bi takardun gwajin, ya ji ta bakin likitoci da iyayen yara, ya kuma nemi bayanin kamfanin. Daga baya jaridar ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka dogara da ita, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2006 kuma ta fito da rahoton kwamitin Gwamnatin Tarayya wanda ya yi shekaru a ajiye. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, kuma a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin lura a nan shi ne, adadin yaran da suka rasu sananne ne ga masu gwajin tun 1996. Abin da wakilin ya ƙara shi ne tambayar da ke biye: wa ya ba da izini, yaushe aka rubuta takardar, kuma me aka gaya wa iyaye? Da wannan ma'auni za a auna rahotannin da ke tafe.

4.3 Rahotannin Sanƙarau a Gwandu, 2025

A watan Maris 2025 Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi ya shaida wa manema labarai a Birnin Kebbi cewa an sami mutum 248 da ake zaton sun kamu da sanƙarau, kuma 26 sun rasu: 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Ya ce an aika samfur 11 zuwa ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Abuja, kuma gwamnati ta saki naira miliyan 30 domin magani. Rahotannin farko da jaridu da gidajen rediyo suka fitar sun ginu ne a kan wannan jawabi.

Adalci ne a fara da abin yabo. Rahotannin sun fito da sauri, sun ambaci majiya da sunanta, sun rarraba alkaluma bisa ƙananan hukumomi, sun kuma gargaɗi jama'a game da alamomin cutar, kamar zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. A lokacin annoba wannan aiki ne na ceton rai. Sai dai idan aka ɗora su a kan ma'aunin da aka kafa, za a ga sun cika sharaɗi na farko ne kawai. Jawabin kansa yana ɗauke da aƙalla ƙofofi huɗu da mai bincike zai shiga ta cikinsu.

Ta farko ita ce ta lissafi. Mutum 15 daga cikin 26 sun haura rabi. Me ya sa Gwandu ita kaɗai ta ɗauki wannan kaso? Amsar tana iya kasancewa yawan masu cutar ne a can, ko jinkirin kai su asibiti, ko ƙarancin magani da ma'aikata. Kowace daga cikin waɗannan amsoshi tana ɗora nauyi a kan wani daban, kuma ba a rarrabe su sai an duba rajistar marasa lafiya ta Babban Asibitin Gwandu da ta ƙananan asibitocin ƙauyuka.

Ta biyu ita ce ta lokaci. An ruwaito cewa cutar ta fara ɓulla tun ƙarshen watan Janairu, sanarwa kuwa sai a Maris. Sanƙarau cuta ce da ke iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma an san lokacinta, wato rani da bazara, sa'ad da ƙura da zafi da cunkoso a ɗaki suke taimaka mata. Kebbi tana cikin jihohin da annobar 2017 ta shafa, wadda ta kashe fiye da mutum 1,000 a Nijeriya. Tambayar ita ce, wace rana jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya fara kai rahoto, kuma kwana nawa aka yi kafin magani ya iso?

Ta uku ita ce ta gwaji. Samfur 11 daga cikin mutum 248 bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙwayar cutar tana da rukuni daban-daban, kuma sanin rukunin da ke yawo shi ne ke nuna allurar da ta dace. Tun 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga rukuni biyar. Amma allurai fiye da miliyan 1 da aka kawo domin wannan annoba sun iso ne a watan Afrilu 2025. Tazarar da ke tsakanin Janairu da Afrilu labari ce mai zaman kanta.

Ta huɗu ita ce ta kuɗi. Sakin naira miliyan 30 daban, isarsu hannun majinyaci daban. Mai bincike zai so ya ga takardar sayen magani, ya kuma tambayi masu jinya ko kyauta aka ba su ko saye suka yi. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi aiki a Gwandu da Jega da Aliero a lokacin, majiya ce ta biyu da za a gwada alkalumanta da na ma'aikatar lafiya.

Wannan nazari bai ce alkaluman Kwamishina ƙarya ba ne. Abin da ake nunawa shi ne, adadin hukuma yakan ƙirga wanda ya zo asibiti ne, wanda ya rasu a gida kuwa aka yi masa sutura kafin azahar, sai mai unguwa da liman da masu haƙa kabari suka san da shi. Gwandu kimanin kilomita 50 take daga Birnin Kebbi. Gani ya kori ji.

4.4 Rahotannin Taƙaddamar Sarautar Gwandu

Batu na biyu ya bambanta da na farko, domin shi shaidarsa a rubuce take. A watan Yuni 2005 gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Mustapha Haruna Jokolo, aka kai shi Jihar Nasarawa, aka naɗa Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar a matsayin Sarki na 20. A Disamba 2014 Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ba da umurnin a mayar da tsohon Sarki, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da haka a Afrilu 2016. A watan Yuni 2025 Kotun Ƙoli ta rushe waɗannan hukunce-hukunce da rinjayen alƙalai 3 a kan 2.

Kanun labarai a kowane mataki sun fi karkata ga wa ya ci, wa ya faɗi, tamkar ana ba da labarin dambe. Illar wannan salo ita ce yana ɓoye ainihin abin da kotu ta yanke. Masu rinjaye a Kotun Ƙoli sun dogara ne ga ƙa'idar shigar da ƙara, wato cewa dokar naɗi da tuɓe sarakuna ta jihar ta buƙaci mai ƙorafi ya fara kai kokensa ga Gwamna kafin ya je kotu. Wannan daban yake da yanke hukunci a kan ko tuɓewar ta dace ko ba ta dace ba. Mai sauraren rediyo a Gwandu ko Kalgo, waɗanda duk suna ƙarƙashin wannan masarauta, idan ba a fayyace masa wannan bambanci ba zai ɗauki abin da kotu ba ta faɗa ba.

Tambaya ta biyu a nan ba ta buƙatar ɓoyayyiyar kyamara. Hukuncin kotu takarda ce ta jama'a. Aikin mai bincike shi ne ya karanta hukuncin masu rinjaye da na marasa rinjaye, ya jera ranakun zaman kotu domin a ga inda shekaru 20 suka tafi, ya nemi sanin abin da baitulmalin jiha ya kashe a kan shari'ar, sa'an nan ya mayar da wannan duka cikin Hausar da manomi zai gane, ba tare da ya goyi bayan wani gida ba.

4.5 Kalgo da Alkaluman Shinkafa

Kalgo maƙwabciyar Birnin Kebbi ce, kuma da yawan mutanenta manoman fadama ne. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, a Jihar Kebbi. Tun daga lokacin labaran shinkafar jihar suka cika da manyan alkaluma. Misalai biyu sun isa.

A ambaliyar 2020 an ruwaito daga jami'ai cewa ruwa ya cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar. Hekta 450,000 daidai take da murabba'in kilomita 4,500. Faɗin Ƙaramar Hukumar Kalgo gaba ɗaya, da gidajenta da dajinta, kimanin murabba'in kilomita 1,173 ne. Wato gonakin da aka ce sun nutse sun kusa ninka Kalgo sau huɗu. Mai yiwuwa ne haka ɗin ne, domin ambaliyar ta yi ɓarna ƙwarai, amma adadi irin wannan yana buƙatar a tambayi yadda aka auna shi da kuma kason kowace ƙaramar hukuma, musamman da yake a kansa ake lissafin tallafi da sassaucin bashi.

Misali na biyu, a 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 na rancen aka biya, Babban Banki kuwa ya ce kusan kashi 52 ne. Idan hukumomi biyu suka saɓa haka, kawo maganar kowannensu bai wadatar ba. Amsar tana wurin ƙungiyoyin manoma: sunan wa ke cikin jeri, wa ya karɓi iri da taki da injin ban-ruwa, a wane farashi aka rubuta masa su, kuma buhu nawa ya mayar? Ƙauye guda a Kalgo, in aka bi jerinsa suna bayan suna, zai faɗi abin da taron manema labarai goma ba su faɗa ba.

4.6 Matsalolin da ke Hana Tambaya ta Biyu

Ba daidai ba ne a ɗora wa wakili laifi ba tare da duba halin da yake aiki a ciki ba. Ana iya kasa matsalolin gida biyar.

(a) Barazana da doka. Tarihin sana'ar a Nijeriya yana da tabo. An ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 a 1984. An kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. Bagauda Kaltho ya ɓace a 1996. Jaafar Jaafar, wanda ya fitar da bidiyon zargin karɓar daloli a Kano a 2018, ya bar ƙasar a 2021 yana mai cewa rayuwarsa na cikin haɗari. A Jihar Kebbi ma, a watan Satumba 2025, an tsare wani ɗan jarida bayan ya yaɗa bidiyon halin da Babban Asibitin Kangiwa yake ciki, ko da yake daga baya an dakatar da Kwamishinan Lafiya. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya sha zama sandar dukan 'yan jarida.

(b) Mallaka da guzuri. Kafar da gwamnati ke biyan albashinta da wuya ta binciki gwamnati, mai zaman kanta kuma tana jiran talla daga wurinta. Wakili guda ne sau da yawa yake riƙe da dukan ƙananan hukumomi 21 daga Birnin Kebbi, ba tare da kuɗin mota ba. In mai taro ne ya ba shi na mai, to, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

(c) Kunya da zumunta. Wannan ita ce matsalar da dokoki ba su gani. A gari kamar Gwandu, jami'in da za a bincika yana iya zama suruki ko ɗan malamin mutum ko abokin sahu a masallaci. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ga kuma tawakkali, wanda ke sa iyayen mamaci su ce kwana ne ya ƙare, su ƙi a tsawaita magana. Mai bincike yana buƙatar ladabin da zai nuna musu cewa yarda da ƙaddara ba ta hana tambayar ko akwai magani a asibiti, domin a tsirar da na baya.

(d) Takardu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata. An daɗe ana gardama a kan ko ta shafi jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu 2025 cewa ta shafe su. Wannan makami ne da ya rage ga wakilai su gwada shi a sakatariyar Gwandu da ta Kalgo.

(e) Harshe. Kasafin kuɗi da hukuncin kotu da rahoton asibiti duk da Turanci suke, waɗanda abin ya shafa kuwa da Hausa da Fulatanci suke magana, kuma rediyo ne jaridarsu. Binciken da bai koma cikin harshensu ba ya zama kiɗa a ruwa.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar rahoton binciken ƙwaƙwaf da sharuɗɗansa huɗu, an kafa ma'auni da labarin Trovan, sa'an nan aka auna rahotannin sanƙarau da na sarauta da na shinkafa. An gano cewa rahotannin sun yi ƙoƙari wajen isar da sanarwa cikin sauri da ambaton majiya, amma sun yi rauni wajen gwada sanarwar da wata shaida. An kuma ga cewa shaidun da ake buƙata, kamar rajistar asibiti da hukuncin kotu da jerin sunayen manoma, suna nan kusa, kuma samunsu ya fi buƙatar lokaci da guzuri da kariya fiye da na'urori masu tsada. Muhimmancin wannan a fili yake, domin rani yana dawowa kowace shekara da sanƙarau, damina kuma da ambaliya, kuma tambayar da ba a yi bana ba ita ce za a sake buƙata baɗi. A babi na biyar za a kawo taƙaitawa da shawarwari ga gidajen jarida da sassan koyar da aikin jarida da harshen Hausa.